Motar da Aka Ɗumama

Tafin hannun Abba na sauka a kan bonet ɗin motar ya ji ɗumi. Da sanyin safiyar Jos, da ko ruwan alwala sai mutum ya cije leɓe, me zai ɗumama motar da ta kwana a fili? Duk bakanike ya san amsar. An tashe ta ne tun kafin su iso, don kada mai saye ya ga hayaƙin da take amayarwa idan ta tashi a sanyi.

Ya zaro ƙarfen awon mai, ya murza a yatsunsa. Kauri kamar zuma. An ɗura mata mai mai nauyi ne don ya toshe ƙarar injin da ya gama yawo.

Ashraf dillali ya matso kamar zai nuna masa batir, ya yi ƙasa da murya. "Injiniya, kasonka na nan. Ai ba yau muka fara ba."

Ba yau ba kuwa. Haka harkar take: mai saye ya ɗauko bakanikensa don ya zame masa ido, dillali kuma ya zagaya ya saye idon. Sai dai yau wanda ya ɗauko Abba shi ne Hammawa, dattijon da matarsa ke kawo nono gidansu tun Abba na yawo ba wando. Ɓarayi sun kore masa garke. Cikin 'yan shanun da suka tsira ya sayar da rabi, don ya sami 'yar Kwatano, wato motar hannu, da zai riƙa ɗauko madara daga Vom zuwa cikin gari.

Hammawa na tsaye can gefe, ko leƙa motar bai yi ba. A wurinsa, ka ɗauko mutum sannan ka duba bayansa, rashin kunya ne.

"Ɗana, ni saniya na sani," in ji shi. "In ka ce lafiyarta ƙalau, an gama."

Wallahi gaskiya ta taso wa Abba har maƙogwaro. Sai ya tuna rabin aikin garejinsa Ashraf ne ke turo masa, ya haɗiye ta.

"Lafiyarta ƙalau, Baffa."

"Wata tsohuwa ce ma ta hau ta a Turai," Ashraf ya cafe. "Daga gida sai kasuwa!"

* * *

Mota dai ba ta ga sabon wata ba. Injin ya buga a hanyar Vom da rana tsaka, madarar da ke jarkoki ta tsinke a bakin titi. Da labari ya iso wa Abba, sai ya sauya masallaci, ya daina bin layin masu nono. Abincin gidansa ma ya daina yi masa daɗi.

Ran nan da hantsi sai ga motar an janyo da igiya har ƙofar gareji, Hammawa na biye. Dattijon ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Abba ya miƙe, yana fatan a zage shi, ko a kwaɗa masa mari ya huta.

Ina! Hammawa hannunsa ya kama da hannu biyu.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Kunyarka ce ta hana ni zuwa da wuri. Ka ɓata lokacinka ka zaɓo mini lafiyayyar mota, na kashe ta. Ni da na tsufa a bayan shanu, ina ni ina tuƙi?"

"Baffa..." Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya jawo wani kwali, ya kwanta, ya shige ƙarƙashin motar kamar akwai abin dubawa.

"Af, na manta," muryar Hammawa ta biyo shi. "Ga ƙanena nan na zo maka da shi. Shi ma ya sayar da bijimansa, mota yake so. Na ce masa kada ya kuskura ya yarda da kowa a garin nan sai kai. Gobe ka raka shi wurin dillalin nan, mutumin kirki."

Daga inda Abba yake kwance ƙafafunsu kawai yake gani, cikin takalman roba, dugadugai duk faso, sun jeru a bakin motar suna jiran ya fito.