Keken da Muka Biya

A gidanmu Lauya ake ce mini, ba don na taɓa leƙa ajin shari'a ba. Fenti nake sayarwa. Tun ina yaro ne ba na barin magana ta faɗi ƙasa, Baba ya laƙaba mini sunan, ya bi ni har furfura.

Da aka sallamo Baba bayan aikin ƙashin ƙugu, likita ta ce magani ɗaya ya rage masa: tafiya. Kullum ya taka, ko yana so ko ba ya so. Kuma yana takawa. Da sanda, yana dafa bango, yana zagin ƙafar, har shagon mai aski a bakin layi, inda ake gyara masa gashin da babu.

Ni kuwa takardar kuɗin asibitin na sa a gaba. Ina bin ta layi-layi sai ga keken marasa lafiya, sabo, cikin abin da muka biya. Keken da ko a ido ba mu gani ba. A kafaɗata Baba ya fito daga asibitin.

"Ka bar su da Allah," in ji Yaya, babbarmu. "Tsoho dai ya tashi."

"Yaya, haƙƙi ne fa. A bangonsu ma sun rubuta, majiyyaci na da ikon a yi masa bayanin duk abin da aka caje shi."

"To Lauya, a dawo lafiya. Kar ka manta hular gashin nan ta lauyoyi."

Na yi ta sintiri a ofishin akanta, tabarau a karan hanci, shagona a kulle. Daga ƙarshe akantan, wani mai sanyin murya, ya amsa cewa kuskure ne. Sai dai mayar da kuɗi sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuma shi kansa bai san ranar zamansa ba.

"Amma keken yana sito, ranka ya daɗe. In kana so, yau ka tafi da abinka."

Na turo shi har gida da ledarsa, ina taku kamar wanda ya ciwo kofi.

Baba ya zagaya shi, ya latsa taya, ya tambayi kuɗinsa. Na faɗa. Ya yi salati. Baba mutum ne da ke shanye ragowar maganin tarin jikokinsa don kar a yi asara.

"A biya wannan uban kuɗi, a jingine shi ƙura ta ci? Matso da shi."

Ya zauna, ya gyara riga. "Kai! Ashe haka masu kuɗi ke ji."

Muka yi ta dariya, har Yaya. Washegari a kai ya je wurin mai aski. Daga nan sai ƙofar gida a kai, banɗaki ma a kai. Ranar da muka koma asibiti, likita ta matsa cinyarsa, ta ce ya miƙe. Ya yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ta juyo ta dube ni.

"Wa ya ba shi wannan keken?"

"Haƙƙinsa ne," na ce, ni kaina da ƙyar na ji muryata.

Na ɓoye keken a shago, bayan bokitan fenti. Baba ya ƙi cin abinci sai da na dawo da shi.

"Kayana ne, Lauya. Kai ka ƙwato mini."

Yanzu kowace safiya, kafin in buɗe shago, ni ke tura shi bakin layi. Yana isa zai fara: "Kun ga ɗan nan nawa? Asibiti guda ya kayar!" Mai aski ya jinjina mini da almakashi. Sandar kuwa Yaya ke kaɗe yanar gizo da ita.

Makon jiya akantan ya kira ni. Kwamiti ya zauna, za a mayar mana da kuɗinmu in mun dawo da keken yadda muka karɓe shi. Na dubi tayoyin da suka siɗe, na dubi ƙafafun Baba a kan matakin, sun sirance kamar sandar da ya ajiye.

Na ce masa mun gode, muna amfani da shi.