Ɗigo Biyun Yaya

Ƙarfe huɗu na yamma ne, ana yayyafi mai ratsa riga, Auta ya shigo gida rungume da kwamfutarsa a cikin leda.

Shekara shida shi da yayansa suna gina wani ɗan harshen kwamfuta don koyar da 'yan makaranta. Abu ɗaya ya rage musu: alamar da za ta riƙa haɗa rubutu da rubutu. Yaya ya ce ɗigo biyu a jere. Auta ya ce alamar tarawa, tunda kowa ya san ta.

"Alama ɗaya, aiki biyu?" in ji Yaya. "Wata rana sai ta kunyata ka."

Ba su gama musun ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Yaya, bakinsa ya rufe. Auta ya sa alamar tarawa, bai gaya wa kowa ba.

Yau ya kai aikin nasu makarantar da ita kaɗai ta yarda ta duba. Wata malama ta shigar da maki bakwai da maki takwas don a tara. Na'ura ta ɗauke su rubutu, ta manna su: saba'in da takwas. Malamai suka kwashe da dariya. Hedimasta ya raka shi har bakin ƙofa, ya ce kada ya wahalar da kansa ya dawo.

Matar Yaya tana wanke kofi a tsakar gida.

"Farfesa, an naɗa ka ne? Na ga fuskar kamar an zauna a kanta."

"Ya farka?"

"Idonsa biyu. Ka ci abinci?"

Auta ya shige ɗakin Yaya. Warin man zafi, keken guragu a bayan ƙofa. Ya zauna a bakin gado.

"Yaya, ta kunyata ni. Kai ka faɗa. Ka yi mini faɗa mana."

Yaya yana kallon silin.

Auta ya buɗe kwamfuta, ya bi layi-layi yana cire alamarsa yana sa ɗigo biyu. Ya gwada: bakwai da takwas, sha biyar. Ba sauran wanda zai nuna wa. Ya juya allon wajen Yaya, sai ya ga barci ya ɗauke shi.

Ƙafar da ba ta motsi ta zame daga cikin bargo, ta yi sanyi. Auta ya mayar da ita, ya rufe.