Ranar da Baba Daudu Bai Yi Sallama Ba

Shekarar da aka datse layukan waya a yankinmu, oba-oba, wato rediyon hannu na magana, guda uku kacal muke da su a ɗan ofishinmu na kwana-kwana, kuma ni Rebecca aka ɗora wa kula da su. Oba-oba ba kamar waya ba ce. Idan mutum ɗaya ya danna yana magana, sauran sai dai su saurara, ko da rigarsu ce ta kama da wuta.

Shi ya sa na kafa doka: faɗi sunanka, faɗi abin da kake so, ka ce oba, ka saki. Kowa ya bi, ban da direbanmu Baba Daudu, wanda ya fara aikin nan tun ba a haife ni ba.

"Salamu alaikum. Rebecca, ina kwana? Ina gajiya? Ya wajen su Tasalla? Ƙafar tata da sauƙi?"

Tasalla uwata ce. Sai ya gama da ƙafar uwata tukuna zai ce ruwa ya kusa ƙarewa a tanki.

"Haba Baba! Gobara muka zo kashewa, ba suna ba!"

"'Yar nan," in ji shi, "ni ban iya faɗa wa mutum magana gatsau ba, sai ka ce akuya nake kora."

Wallahi har kuka na taɓa yi don takaici. Dattijo ne, sa'an ubana, ya zan yi da shi?

Wata Alhamis bayan kaka, da hantsi, wani mai babur ya zo a guje daga ƙauyen Karare. Siton da mutanen gari suka tara gyaɗa da dawarsu saboda tsoron ɓarayin daji ya kama da wuta. A shekarar nan, wanda ya rasa hatsinsa ya rasa komai.

Da isarmu Baba Daudu ya zagaya da mota bayan siton, bakin kududdufi, don jan ruwa. Ni na tsaya ta gaba da tawa oba-obar. Abokin aikinmu Kamilu ya rataya ta ukun a kafaɗa, ya ja mesa ya shige ciki. Kamilu jarumi ne, amma taurin kansa ya fi jarumtar, ga matarsa Nusaiba da tsohon ciki a gida. Yana tare wutar, mutanen gari suna ta jan buhuna waje.

Can sai na ga hayaƙin ya yi baƙi ƙirin. Na kori mutanen daga ƙofar, na danna.

"Kamilu, Rebecca ce. Ka fito. Oba."

"Saura kaɗan, Anti. Abincin mutane ne. Oba."

Na sake kira, ya sake cewa saura kaɗan. Ina shirin dannawa karo na uku sai na ji ƙarar oba-obar Baba Daudu, na san ta da wani ɗan shuu da take yi kafin murya ta fito. Na ce shi ke nan, tsohon nan ya kama layi, yanzu zai hau ƙafar uwata, yaron mutane yana cikin wuta!

"Kamilu fito! Rufi ya taho!"

Ya saki. Ko oba bai ce ba.

Ban gama jan numfashi ba sai ga Kamilu ya faɗo waje, ba mesa, ba hula. Bai yi taku goma ba kwanon ya rufto, ji kake rim! Ashe daga baya Baba ya hango azarar tsakiya ta tsage, abin da ni ba na gani daga gaba.

Na cakumi rigar Kamilu. "Kai, mara jin magana! Sau biyu ina kiranka, sai da Baba ya yi magana?"

Yana haki ya ce, "Anti, ke kullum a fusace kike. Amma Baba bai yi sallama ba. Shekara shida ina aiki da shi ban taɓa ji ba. Ina jin haka na san mutuwa ce a kaina."

Sai wajen la'asar wutar ta mutu. An tsirar da fiye da rabin buhunan, mata suna ta sa mana albarka. Ina zaune a gindin wata darbejiya sai na ji shuu ɗin nan kuma.

"Salamu alaikum. Rebecca, ina wuni? Ɗazu na yi magana ban gaishe ki ba, ki yi haƙuri."

Batirin saura ƙiris ya mutu, ga shi kuma ni na kafa dokar taƙaita magana da bakina. Na share hawaye da bayan hannu, na danna.

"Lafiya lau, Baba. Ina gajiya? Ya mutan gida? Ƙafar Inna da sauƙi, ta ce a gaishe ka."

Ban saki ba sai da na tambayi lafiyar jikokinsa ɗaya bayan ɗaya.