Kamu Shida na Hammadu

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi, hakimin Gulma ya ce a tada rumfar makaɗa ta filin kokawa kafin a gama girbin shinkafa. Rumfar ƙarfe ce, marigayi Hammadu Sarkin Maƙera ya ƙera ta da guduma da ƙusa, babu walda ko ɗigo. Tsatsa ta cinye dirkoki huɗu, biyu kawai suka rage a tsaye. Hakimi ya raba aikin tsakanin 'ya'yan Hammadu, Labbo da ƙanensa Tamba, kowa dirka biyu. Wanda aikinsa ya fi, shi zai gaji sarautar ubansu.

Labbo ya tsani Tamba, ba a ɓoye ba. Ya tsani tsawonsa, ya tsani yadda tsofaffi ke cewa Hammadu ne ya dawo. Tun rasuwar uban ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Yayarsu Inno ta iske shi yana zuga wuta. Ta ce, "Labbo, tahi hili ka gwada tsohuwar dirka. Tamba ya gwada."

"In bi sawun wanga yaro? Kamu shidda na. Daga bakin Baba ni ji shi, sa'adda Tamba ko tahiya bai hwara ba."

Ya ɗora gwiwar hannu a kan ƙarfe, ya auna kamu shida, ya sare. Aiki kam ya yi shi, Allah ya sani. Ya murɗa kawunan dirkokin kamar igiya, ya fitar musu da kan kifi, har masu zuwa kasuwar Argungu suna tsayawa kallo. Na Tamba kuwa sanduna ne kawai, ba ado ba komai, Labbo ya leƙa ya yi tsaki.

Ranar ɗora rufi gari ya taru. Rufin ya zauna daram a kan dirkokin Hammadu, ya zauna a kan na Tamba. A gefen Labbo sai ya tsaya a sama, tazarar ta kusa taƙi guda. Wani makaɗi ya zura hannu ta wurin, aka fashe da dariya.

"Ƙarya ta! An rage min ƙarhe!" in ji Labbo.

Tamba ya miƙe. Ya naɗe hannun riga, ya zo ya jera damtsensa da na yayansa a gaban hakimi. Yatsunsa suka wuce na Labbo nesa.

Ya ce, "Lissahin Baba ka gada, yaya. Hannun, ni aka bar ma."