Sai Ka Jawo Kafin Ka Tura

Jiya da dare mafarki ya ɗauke ni, kuma laifin 'yata Barira ne. Wuni ta yi tana ba ni labarin yadda ta haɗa kwamfutocin ofishinsu da ma'ajiya guda, wadda ba ta manta gyaran kowa.

Sai ga ni a layinmu, an kafa rumbu a tsakiyar titi. Igiyar shanya ta fito daga kowane gida ta shige cikinsa. Duk maganar da mutum ya taɓa yi tana ciki. Igiyar ba ta tsallake kwata ba, don haka 'yan wancan layin ba su san asirinmu ba.

Mai kula da rumbun wani talo-talo ne mai tabarau.

"Malam Inuwa, me ke tafe da kai?"

"Gyara. Kalma biyu kacal."

Miyar ƙarshe da matata Uwani ta yi mini kafin ta rasu, ta tambaye ni yadda na ji ta. Na ce, "Ba laifi." Wannan na zo sauyawa.

"Sai ka jawo na mutane kafin ka tura naka," in ji talo-talo.

"Littattafan da na karanta sun fi gashin jikinka yawa."

"Madalla. Ja."

Na ja. Maganganu suka taho a rataye kamar wanki, ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana jiƙa su. Ga alkawarin tela da duk gyare-gyarensa: gobe, jibi, bayan Salla. Ga na Uwani, tuli guda, suna ƙanshin daddawa. Ashe ta iya ba da dariya haka. Ina jin lokacin ina karatun jarida.

Sai igiya ta cije.

"Kai da Uwani kun sa hannu a kan magana ɗaya," in ji talo-talo. "Rumbu ba ya raba gardama. Ku daidaita."

Na duba. Ta riga ni. Bayan "Ba laifi" ta ƙara, "in ji wanda ya suɗe kwano."

Sai ga ta ta leƙo daga rumbun da ludayi a hannu.

"Malam, har nan ka biyo ni da jan biro?"

"Nawa na zo gyarawa."

"Kai? To bismilla, ina ji."

Na gyara murya, kamar zan shiga aji. Na buɗe baki ke nan injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Na farka, bakina a buɗe.

Ta yi daɗi, Uwani.