Inbata a Ɗakin Famfo

Tun Auta yana firamare yayansa yake aiki a ɗakin famfo na masana'antar rini. Babban injin yana tura ruwa da iyakar ƙarfinsa, shi kuma Yaya yana tsaye gaban sitiyarin bawul mai buɗe bututun ruwa da rufe shi, ya matse in ruwa ya yi yawa, ya sassauta in masu wanke yadi sun kwaɗa masa kira. Da guminsa na wannan ɗakin ya kai Auta makarantar koyon aikin lantarki.

Yau ga Auta ya zo cikin rigar kamfanin da ya samu kwangila, ɗauke da akwatin ƙarfe da ake ce wa inbata, wadda za ta riƙa ƙara wa injin gudu ko ta rage da kanta. Manaja ya tare shi tun a bakin ƙofa.

"In ta fara aiki ba ma bukatar mutum a ɗakin nan. Kada ka gaya wa yayanka, ni zan yi."

Auta ya kashe wuta, ya sa wa makunnin kwaɗo. Yaya ne ya tallafe akwatin da kafaɗa har aka ɗaure shi a bango, shi ne kuma ya kankare fentin da ya rufe farantin jikin injin don Auta ya karanta lambobin ya danna su cikin inbata.

"Ka ga ƙanena," in ji Yaya ga duk wanda ya leƙo. "Jiya-jiya nake share masa majina."

Kunnawar farko injin ya juya da baya. Yaya ya yi dariya har da dukan cinya. Auta ya sake kashe wuta, ya musanya wayoyi biyu, bai ko murmusa ba.

"Yaya, in an kashe shi farat ɗaya me ke faruwa?"

"Bututun bayan nan sai ya yi tsalle kamar zai ɓalle. Sai da lallashi."

Auta ya tsawaita lokacin tsayawar injin a jikin inbata. Ya tambayi ƙarfin da ruwa ke bukata kafin ya kai tankin sama, Yaya ya ɗora yatsa a kan agogon matsin ruwa ya nuna masa. Duk abin da ya tambaya sai an ba shi amsa har da gyara, shi kuwa yana dannawa.

"Yanzu buɗe bawul ɗin gaba ɗaya, Yaya."

"Gaba ɗaya?"

Yaya ya juya sitiyarin har ya ƙure. Injin ya tashi a hankali, babu girgiza, allurar agogon ta hau ta tsaya cak. Yaya ya jima yana kallonta, sannan ya goge hannu a wando.

"To, ni kuma me zan juya?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Bar wahalar da kanka," in ji Yaya. "Tun ranar da aka zo auna bangon nan na sani. Na ce gara kai da bare, ko ba komai a ce ɗan gidanmu ne ya iya."

Auta ya hau ofis ya roƙi manaja, ya ce inbata ba ta son ƙura, dole a samu mai share mata matatar iska. Manaja ya yarda Yaya ya riƙa zuwa jefi-jefi, a biya shi na yini.

"Wato ni ne yaronta," in ji Yaya da ya ji. Ya ɗauki tsumman share ƙura duk da haka, don akwai yara a gida.

Auta na tattara kayan aikinsa manaja ya sauko ya dafa masa kafaɗa.

"Aiki ya yi kyau. Wata mai zuwa sai famfon ɗakin tukunyar tururi."

Auta ya san dattijon da ke wannan ɗakin, maƙwabcinsu ne, shi ya koya masa hawa keke. Ya zuge jakarsa.

"To, ranka ya daɗe."