Ƙasar Gindin Lemo

Tun ranar da Auta ta ce za ta gina ɗakuna a tsohon garejin babanta, hankalin Inna bai ƙara kwanciya ba. Ginin bai dame ta ba. Lemon tsamin da ke tsakiyar filin ne damuwarta, wanda marigayi mijinta ya dasa da hannunsa bayan an tone tankin dizal ɗin da yake shayar da manyan motocinsa, aka cike ramin. Hukuma ta ce ba za a aza bulo ko ɗaya ba sai an gwada ƙasar wurin. In man ya tsiyaya ya shige ta, kwashe ta za a yi gaba ɗaya, mai kwasar ƙasa kuwa ba ya neman izinin bishiya.

Wadda aka turo wata siririyar injiniya ce, da hular kwano da ta yi mata yawa. Inna ta jawo kujerarta har gaban injin haƙan da aka zo da shi ta zauna daram.

"Inna, ki koma inuwa mana. Injin nan ƙara gare shi."

"'Yar nan, na zauna da mai manyan motoci tun uwarki tana rarrafe. Wannan ɗan abin ne zai kore ni?"

Suka fara daga bakin ƙofa. Ƙasa ta fito ja wur, mai kyau. Injiniyar takan ɗebo ta da safar hannu, ta danƙara a ƙaramar kwalba har baki, ta murɗa murfin da sauri kamar wadda ta kama fara.

"Wai saurin me kike yi? Guduwa ƙasar za ta yi?"

"Warin ne ke guduwa, Inna. Shi ne shaidarmu. Da ya sha iska, ya tafi ke nan."

Inna ta ce ai wahalar banza suke, ƙasa mai guba ba ta ba da 'ya'ya irin na lemon nan. Auta ta yi dariya, ta ce Inna ta fi son bishiyar a kan jikokinta. Inna ba ta musa ba. Carbi kawai take ja, tana roƙon kowane rami ya fito ja.

Ramin ƙarshe a gindin lemon aka yi shi. Da ƙarfen ya yi nisa, sai ya dawo da wata ƙasa toka-toka mai maiƙo. Na'urar gano warin mai da ke hannun injiniyar ta soma kuka, amma warin ya riga ta isa wurin Inna.

Carbin ya tsaya. Shi ne. Haka rigar marigayin take wari in ya shigo da yamma, tsohon mai haɗe da ƙasa da gumi. Shekara da shekaru tana faɗa da warin nan. "Kada ka kuskura ka taɓa min zanin gado!" Ita ce ta tilasta masa goge hannu da lemon tsami kafin ya ci abinci, har ya gaji da saye ya ce bari ya dasa mata nata, ko ya huta da gori. Da ya rasu ta wanke kayansa tas ta bayar sadaka, sai daga baya ta gane abin da ta wanke. Ta sha tsayawa a gidan mai tana shaƙar iska kamar mai jiran mota, amma sabon dizal kaifi kawai gare shi, ba shi da mutum a ciki. Ashe duk kewar da take yi, yana nan ƙarƙashin kujerarta.

Injiniyar ta cire hula ta tsuguna. "Ki yi haƙuri, Inna. Ɗakin gwaji ne zai tabbatar, amma ba zan ɓoye miki ba, ƙasar nan sai an kwashe."

"Za mu dasa wani, Inna," in ji Auta a hankali.

Inna ba ta ko dubi bishiyar ba. "Cika min kwalba ɗaya."

"Inna, ba abin ajiyewa ba ne. Ba a taɓawa, ba a shaƙa."

"Na shaƙe shi tun ina amarya, ga ni zaune. Cika min."

Injiniyar ta dubi Auta. Auta ta kau da kai tana share ido. Sai injiniyar ta cika, ta murɗa murfin iya ƙarfinta, ta naɗe shi da salatif.

"Ki ɓoye nesa da yara. Kuma in kin buɗe, raguwa zai yi ta yi har ya ƙare."

An sare lemon, an kwashe ƙasar a manyan motoci, an zuba sabuwa mai tsabta wadda ba ta san kowa ba. Kwalbar tana ƙasan akwatin Inna, a inda rigunansa suke a da. In kewa ta taso mata takan ɗauko ta, ta ɗora yatsa a kan murfin, ta daɗe a haka. Sannan ta mayar da ita a rufe.